Kuɗin da Ke Banki, Ajiya Ne ko Rance?

Ya ku malamai da attajirai, ku sani ran 3 ga watan Yuni na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya ƙwace lasisin bankin Heritage, bisa ga cewa masu riƙe da shi sun kasa gyara sha'anin kuɗinsa. Wannan al'amari ya ta da wata mas'ala da ta kamata a duba: wanda ya kai kuɗinsa banki, ajiya ya bayar ko rance?

Bakinmu ya saba da cewa ajiya. Amma ajiya a wurin malaman fiƙihu, watau wadi'a, ita ce abin da ka ba mutum ya tsare maka da ainihinsa, ba ya taɓawa. In ya halaka ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Banki kuwa ba ya ƙulle kuɗinka a ƙunshi da sunanka. Garwaya su yake yi da na jama'a, ya juya, ya yi maka alkawarin misalinsu duk sa'ad da ka nema. Wannan rance ne, kuma haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a 1995 game da asusun da ake ɗiba kullum. To, in kai mai bin bashi ne, ran da wanda kake bi ya karye sai hukuncin muflisi ya hau kansa: a sayar da abin da ya mallaka, a raba wa masu binsa, kowa gwargwadon bashinsa.

Abin da ya auku ke nan, sai dai da sassauci guda. Akwai hukuma mai suna NDIC, wadda aka kafa a 1988 domin lamunin kuɗin masu ajiya, bankuna ne kuwa ke biyanta ladan lamunin. Wata guda kafin faɗuwar Heritage ta ɗaga haddin daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mutum a kowane babban banki, miliyan 2 a bankunan masu ƙaramin jari. Waɗanda kuɗinsu ba su wuce haka ba, akasarinsu an bi lambarsu ta BVN an zuba musu a asusunsu na wani banki. Wanda ya wuce, rabonsa na take miliyan 5 ne, saura sai an sayar da gine-gine an karɓo basussuka. Kason farko da aka raba a watan Afrilu na 2025 bai cika kwabo 10 a kowace naira ba.

Ga mai albashi miliyan 5 rufin asiri ne. Ga mai sarin hatsi a Dawanau kuwa ba su cika tirela guda ba. Amma ba attajiri ne ya fi ba ni tausayi ba, gama shi ya san hanyar lauya. Kuɗin mutane nake ji, waɗanda ke hannun amintattu: dillali mai riƙe da cinikin fatake, da uwar adashi, da malamin da aka danƙa wa gadon marayu ko kuɗin ginin masallaci, ya zuba su duka a asusunsa da sunansa shi kaɗai. Hukuma ba ta san marayun ba, sunan da ke littafi ta sani, lissafin mutum guda za ta yi masa. Ko asusu uku ya buɗe a banki ɗaya, haɗa su za a yi.

Ba cewa nake a koma binne tukunya ba. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san abin da wuta ke yi wa kuɗin da suka kwana a rumfa. Abin yi shi ne a rarraba, kada a tara fiye da haddin lamuni a banki guda in da hali, kuɗin amana kuma a buɗe musu asusu dabam da sunan masu su, da rubutu da shaidu.

Mai gudun kuɗin ruwa shi ma yana da wurin zuwa, gama Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma lamunin ya game su. Sai dai ya tambaya tun kafin ya sa hannu, asusun da zai buɗe na rance ne ko na mudaraba, watau shi da jari su da juyawa. Gama a mudaraba, in aka yi asara ba da sakaci ba, kan mai jari take faɗawa.