Fushin Talaka Da Abin Da Yake Haifarwa

Kun dai san ran 1 ga Agusta 2024 samari suka fito cikin birnin Kano suna kukan yunwa, bayan janye tallafin man fetur a 2023. Aka fasa shaguna, aka yi hasarar rayuka, hukuma ta kafa dokar hana fita. Da ƙura ta lafa, talaka ya koma kasuwa ya tarar da mudu yadda ya bar shi.

Irin wannan ya auku ga mutanen Faransa. Tsadar burodi ta ta da maɗinka da kafintoci da ƙananan 'yan kasuwa na birnin Paris, waɗanda aka yi wa laƙabi da sankilot, watau marasa gajeren wandon sarakai. Su ne suka fasa kurkukun Bastil ran 14 ga Yuli 1789. A 1793 aka kashe Sarki Luwis, sa'an nan suka tilasta wa majalisa ta ƙayyade farashin abinci. Ƙarshen 1794 aka soke dokar. Da suka sake tashi a 1795 suna neman burodi, soja suka karɓe makamansu, kuma a 1799 mulki ya faɗa hannun Janar Nafoliyon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Talakawan Kano wata hanya suka bi. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU, jam'iyyar neman sawaba, wadda maɗinka da 'yan koli da gardawa suka riƙe, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Sun sha ɗauri da bulala da dukan 'Yan Mahaukata, ba su watse ba, domin buƙatunsu sanannu ne: a daina aikin tilas, a gyara shari'ar alƙalai, a ɗauke haraji da jangali, wanda tun dā Shehu Usmanu ya ƙidaya cikin zalunci a Kitabul Farƙi. Shekara 29 suka yi haƙuri, har Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali a 1979.

To, samarinmu su lura. Yunwa takan tara jama'a kwana ɗaya, amma biyan buƙata sai da shugaba amintacce, da buƙata ƙididdigaggiya, da tsare dukiyar maƙwabci. Masu mulki kuwa su sani, wanda ya kwana da yunwa ba ya jin wa'azin haƙuri. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Haza wasalam.