Mun San Kirarin Gwanki, Ba Mu San Kamanninsa Ba



A wani zama da muka yi a Maruta, an yi tambaya: a cikinmu wa ya taɓa ganin gwanki da idonsa? Shiru. Alhali kowa ya iya rubuta "gwanki sha bara" in zai koɗa jarumin littafinsa. Haka ɓauna, haka kanki, sunaye muka gada kawai.

Abin da ke damunmu ke nan. Mai labari zai kai amarya Dubai cin amarci, ya zayyana otal hawa-hawa, garin da a waya kaɗai ya gani. Ga Yankari a maƙwabciyarmu Bauchi, can ƙasar Alkaleri. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Da rani, in ruwa ya ja baya, giwa da ɓauna da gwanki kan gangaro kogin Gaji. Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa na nan wajen digiri 31, ko da sanyin hunturu. Su bika ma sun waye da baƙi, ka yi sake da ledar burodinka, sai dai labari.

Wani zai ce kuɗin mota fa? Gaskiya ne, tafiya ta yi tsada. To, duwatsun Birnin Kudu fa, Habude da Mesa, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse? Mu nawa muka leƙa?

Kuma ba kwalliyar labari muke nema ba. Manomin da ke gefen Yankari, wanda giwaye suka tattake masa gona a dare ɗaya, doka kuma ta hana shi ramawa, wa ya rubuta shi? Ga mai gadin daji, ga mafarauci, wataƙila ma garinsu ɗaya. Wannan rikici ya fi na kishiyoyin da muka maimaita sau ɗari nauyi.

Shawararmu: mu yi karo-karo, bayan Disamba mu ɗauki mota guda. Kafin nan, kowa ya samu tsohon maharbi a ƙauyensu, a Gwaram ko Birnin Kudu, ya tambaye shi bambancin gada da barewa, ya kawo mana amsar nan mako mai zuwa.