Tambarin mota: gyara ne ko ha'inci?

Jama'a masu saurare, tambarin mota ma yana tsufa. Rana ta ci shi, ƙurar hunturu ta dusashe shi, wani lokacin yara su ɓamɓare shi a bakin kasuwa. Wanda ya je garaji aka manna mishi sabon zakin Peugeot ko tambarin Toyota, ba mu ga laifinshi ba. Motarshi ce, kuɗinshi ne.

Maganarmu da wasu dillalai ce. Mota ta taso daga tashar jirgin ruwan Lome da ƙaramin inji, kafin a kai ta wurin sayarwa an liƙa mata "V6" ko "4WD" a baya, kuɗi ya hau. Bawan Allah ya tara guminshi ya saya, sai ran da ya kama hanyar ƙauye ya faɗa rairayi, ya tarar ƙafafun gaba kaɗai ke juyawa!

To, kafin ku ba da ko dala, ku gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17, da wadda ke kan kart giriz. Ku zo da makanikenku, ba na dillali ba, ya buɗe kapo ya duba injin, ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko akwai sandar da ke juya ƙafafun baya.