Daga Tabarmar Asusu: Wake ya shigo gida, ina yara ke kwana?



Wake ya shigo gida, kuma kowace ta san fargabar da ke biye da shi: ƙwari. Shi ya sa a kasuwannin Maradi, Damagaram da Tawa yanzu ake cinikin ƙwayar nan ta sa wa buhu, wadda ake kira Phostoxin, da ƴan kwalaben fiya-fiya. To, mu tambayi kanmu: buhun da muka sa wa ƙwaya, a wane ɗaki yake? Da yawanmu a ɗakin kwana muke jingine shi, gudun ɓarawo da ɓera.

Nan haɗarin yake. Ƙwayar nan da ta ji danshin iska sai ta saki guba mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Buhu ba ya riƙe ta, fita take ta cika ɗaki. Yaro kuwa jikinsa ƙarami ne, numfashinsa ya fi namu sauri, kuma kome ya taɓa sai baki. Abin da zai sa babba ciwon kai kawai yana iya kashe jinjiri kafin asuba.

Akwai dubara. Buhun PICS mai riɓi 3, leda 2 a ciki da buhu 1 a waje, ba ya buƙatar magani ko kaɗan. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Iska na ƙarewa, ƙwari su mutu. Masu binciken INRAN a Maradi sun gwada shi shekara da shekaru. In ledar ba ta huje ba, baɗi ma a sake aiki da shi. Me zai hana mu fidda kuɗi daga asusu mu sayo a sari, kowace ta biya sannu-sannu?

Fiya-fiya kuma, don Allah, ba maganin ƙwarƙwata ba ne. Kada a shafa wa yarinya a kai, kada a yayyafa a shimfiɗa. Sauro gidan sauro ke tare shi. Kwalba ko bidon magani ba a zuba musu ruwa ko mai, ko an wanke sau goma. A huda su, kada yaro ya ɗauka ya yi wasa. Maganin ya zauna a sama, cikin mazubinsa na asali, nesa da abinci.

Mu da ke cikin ƙungiyar uwayen ɗalibai, mu je lakwal mu tambayi darakta: in za a yi feshin gara ko kuɗin cizo, a yi lokacin hutu, a buɗe tagogi, a goge tebura kafin yara su dawo. Hatsin abincin yara kada ya haɗa ɗaki da magani.

In tsautsayi ya faru, yaro na dalalar miyau, zufa, amai ko numfashi da ƙyar, a fitar da shi iska, a tuɓe masa riga, a wanke shi da sabulu. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai. A ruga likita, a tafi da kwalbar.

Taron wannan mako, bayan zubi, kowace ta faɗi inda buhunta yake. Allah ya raya mana zuri'a.