Ƙarfe a kwatangwalon kare: gyara na biyu ya fi na farko wuya

A Dogo-Dogo, kamar sauran ƙauyukan Dungas da Magarya, kare ma'aikaci ne: shi ke gadin garke da dare, shi ke bin mafarauta daji bayan an kawar da amfanin gona. To amma ɗan kasuwar da ke ƙetara iyaka ta Maigatari zuwa Kano yakan ga ƙattin karnukan Turai a gidajen attajirai, irin wanda ake kira karen ƴan sanda, har ransa ya biya ya samo ɗaya domin gadin gida da mangaza. Kafin ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san ciwon da ke bin jinin irin waɗannan karnuka.

Ciwon a kwatangwalo yake, kuma gadonsa ake yi. Kan ƙashin cinya ba ya zama daidai cikin gurbinsa, sai ya yi ta goga har gaɓar ta cinye. Kare ya fara ɗingishi, tashi daga kwance ya zama masa aiki. Siraran karnuka marasa nauyi, irin na Azawak, ba kasafai yake kama su ba.

A Turai da Amurka akan yi wa irin wannan kare aikin fiɗa. Dabarar daga likitocin mutane aka aro ta: a Ingila, likita John Charnley ya daidaita ta a shekarar 1962, sannan cikin shekarun 1970 likitocin dabbobi na jami'ar jihar Ohio suka shiga yi wa karnuka. Akan yanke kan ƙashin, a soka sandar ƙarfe mai dunƙulallen kai cikin ƙashin cinya, a sa gurbin roba a kwatangwalo, a liƙe su da wani irin siminti na ƙashi. Daga baya aka ƙero waɗanda ba su bukatar siminti, ƙashi ne da kansa ke tsirowa ya riƙe su.

Sai dai abin da aka dasa yakan saki. Yau da gobe, gogayya tana fitar da ƴan ɓarɓashin roba. Jiki ya tashi yaƙarsu, garin haka ya cinye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. Wani lokaci kuma ƙwayoyin cuta ne ke shiga. Bayan watanni ko shekaru ɗingishi ya dawo, hoton ƙashi ya nuna baƙin layi tsakanin siminti da ƙashi.

Nan ne wahala take. Dole a sake buɗe wurin, a ɓamɓare tsohon siminti, wani sa'i har a tsaga ƙashin cinya a ɗaure shi da waya, sannan a dasa sabon ƙarfe cikin ƙashin da ya riga ya yi rauni. In kuwa cuta ta kama wurin, sau da yawa sai a cire kome, a bar tsoka da tabo su riƙe ƙafar. Bayan kowane aiki kuma sai an tsare kare wata 2 zuwa 3, babu gudu babu tsalle. Mai gadi ke nan ya koma wanda ake gadi.

Hanya mai sauƙi tana nan tun kafin a kai ga wuƙa. A Faransa akan ɗauki hoton kwatangwalon kare a ba shi daraja daga A zuwa E. Mai saye ya nemi ganin takardar uwa da uba. Sannan a kiyaye ƙiba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1992, kan karnuka 48 na irin Labrador, ya nuna waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi ƴan'uwansu tsira daga wannan ciwo.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki hakkinta a wuyansa, da lafiya da ciwo. Mai neman gadi a Dogo-Dogo ya fara duba karen gida, wanda ya san zafin ƙasar, ya yi masa allurar rigakafin haukan kare a ma'aikatar kiwo, ya ba shi ruwa da inuwa.