Raddi Ga Mai Cewa Gidan Sarautar Gaya Ba Shi Da Tarihi

Tun da aka shiga takaddamar masarautun Kano wani malaminmu mai ilimin zamani, wanda nake ganin girmansa, ya saki wata magana da samari suka ɗauka suna yawo da ita har yau. Ya ce Bature a Ingila yana iya zaro maka tarihin wani mai gonaki da ya riƙe wa sarkinsu gunduma shekaru 700 da suka wuce, ya faɗa maka wanda ya haife shi da wadda ya aura da ƙasar da ya gada, duk daga takarda, mu kuwa a Gaya da Ajingi ba mu da komai sai bakin maroƙa. Daga nan ya gina sauran hujjojinsa: hakimci Turawa suka ƙirƙiro shi don karɓar haraji, sarautar Gaya kuma siyasar 2019 ce ta haife ta, saboda haka bin asalin gidan ɓata lokaci ne. Allah ya gafarta Malam, maganar ba ta tsaya ba, kuma zan bi ta gaɓa-gaɓa.

Ya ce ba mu da rubutu. Muna da shi, kuma ba a ɓoye yake ba. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908, aka kuma buga ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A zamanin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Burja, wanda lissafin Palmer ya sa tsakanin 1452 da 1463, littafin ya kawo zuwan Agalfati ɗan Sarkin Machina, tare da 'yan'uwansa uku. Shi aka ba Gaya, ɗaya aka ba Haɗeja, ɗaya Dal, na ƙarshen ya nufi Zazzau aka ba shi Gayam. Ga suna, ga uba, ga garin da aka fito, ga 'yan'uwa, ga sarkin da ya yi naɗin. Wannan ya faru kafin Muhammadu Rumfa ya hau gado a 1463. Mene ne Malam yake nema a takardar Ingila wanda babu shi a nan?

Bai ƙare a nan ba, kuma wurin da ya fi cancantar a zauna a kai shi ne zamanin Sarki Dadi, 1670 zuwa 1703. Sarkin Gaya na lokacin, Farin Dutse, ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai wa Kano jizya ba. Sai da Dadi ya yaudare shi ya zo ganawa sannan aka kashe shi. To wane ne Farin Dutse a wurin Dadi? Surukinsa ne. 'Yarsa Maryama tana gidan sarki, kuma ita ta haifi Muhammadu Sharefa, wanda ya gaji Dadi ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Jikan wanda aka kashe ya hau gadon wanda ya yi kisan. Littafin ya faɗa ƙarara cewa a zamanin Sharefa mutanen Gaya sun yi ƙarfi a cikin Kano, kuma bayan Zamfarawa sun ci Kanawa a yaƙi, Gaya na cikin garuruwan da ya kewaye da ganuwa, tare da Takai da Tsakuwa da Gano da Dawaki. Duk wanda ya san zaman gidan sarauta ya san abin da ake nufi idan aka ce dangin uwar sarki sun yi ƙarfi: su ke shiga ba sallama, su ake bi a kai kuka, maganarsu ke isa ɗakin da ta fadawa ba ta isa. Aure da tawaye da kisa da gado, abin da masu rubuta tarihin iyali a ko'ina suke nema ke nan, kuma ga shi an ajiye mana.

Na san abin da Malam zai ce, domin ya taɓa faɗa: ai littafin a ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa shi, ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello, kuma daga fadar Kano ya fito. Gaskiya ne, masana irin su Murray Last da John Hunwick sun yi muhawara a kan wanda ya rubuta shi da lokacin da aka rubuta. Amma fitowarsa daga fadar Kano hujja ce tawa, ba tasa ba. Marubucin yana lissafa sarakunan birni ne, ba shi da wata riba a ɗaukaka Gaya. In har ya yarda cewa wani sarkin gabas ya hana Kano haraji shekara uku, kuma sai da dabara aka ga bayansa, to shaida ce ta wanda ba ya so. Alƙalai sun san nauyin irin wannan shaida. Ga kuma mutanen Haɗeja, da bakinsu, suna jingina asalin garinsu ga mafarauci da ya fito daga Machina, garin da yake jihar Yobe a yau. Hanya biyu da ba su haɗu ba sun nuna gabas guda.

Yanzu mu koma Ingilar da ake yi mana gori da ita. Takardun nan gaskiya ne akwai su: littafin Domesday na 1086, da kundin lissafin da masu riƙon gunduma suke kai wa baitulmalin sarki duk shekara, wanda mafi tsufansa da ya rage na 1130 ne, da binciken da ake yi idan mai riƙe da ƙasar sarki ya mutu. Tambayar da Malam bai yi ba ita ce, ina magatakardan ya samo abin da ya rubuta? Daga bakin maƙwabta. Ana tara mutanen yankin a rantsar da su, su faɗi wace ƙasa mamacin ya riƙe, wane ne magajinsa, shekarunsa nawa. In ana so a tabbatar magaji ya kai munzali, shaidu sukan ce sun tuna haihuwarsa domin a shekarar ne ɗayansu ya yi aure, wani ya karye a ƙafa, wani ya binne ubansa. Haka tsohuwa a Toranke ko Kademi take yi in ka tambaye ta haihuwar ɗanta. Za ta lanƙwasa yatsa ta ce ana goyonsa aka yi canjin hannu, ƙanensa kuma shekarar canjin kuɗi, ka duba ka ga 1972 da 1973. Kakarta da yunwar Kakalaba ta 1914 take aunawa. Bambancin kawai shi ne can an sami mai alƙalami a wurin, kuma don kuɗin sarki ya zauna, ba don son tarihi ba.

Takarda ma tana ƙarya. Gidaje da yawa a Ingila sun sa an tsara musu salsala har zuwa mayaƙan da suka ci ƙasar a 1066, sai da masani J. Horace Round ya bi su da bincike, a littafinsa na 1901 da wasu bayansa, ya rushe da dama. Maroƙa ba a ƙasar Hausa kaɗai suke ba, na can da tawada suka yi nasu kirarin.

Batun cewa Turawa suka ƙirƙiro hakimci, rabin gaskiya ne aka miƙe shi ya zama kuskure. Kafin 1903 yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zirga-zirga tsakani. Abin da Turawa suka yi a 'yan shekarun farko, zamanin Razdan Cargill, shi ne haɗa ƙauyuka gunduma-gunduma a tura kowane hakimi ya zauna a tasa. Amma Gaya da Rano da Dutse da Ƙaraye sarakunansu a garuruwansu suke tun da can, kowa da fadarsa da masu sarautarsa. M. G. Smith da Adamu Fika duk sun bambanta waɗannan iri biyu a littattafansu kan mulkin Kano. Bature ya tarar da Sarkin Gaya a Gaya, ya ɗora masa aikin hakimi da albashi da littafin haraji.

Ta 2019 ba ta bukatar doguwar magana. A watan Mayu na shekarar Gwamna Ganduje ya ɗaga Gaya da Rano da Ƙaraye da Bichi zuwa daraja ta ɗaya. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke dokar, a Yuli kuma aka dawo da Gaya a daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Mutum yana iya goyon bayan kowanne, wannan ra'ayinsa ne. Daraja ce ta hau ta sauka, sarautar kuwa marigayi Alhaji Ibrahim Abdulƙadir yana riƙe da ita kafin dokar farko, kuma da ya rasu a 2021 ɗansa Aliyu ya gaje shi.

Akwai inda nake tare da Malam, kuma ba zan ɓoye ba. Masu ɗaura igiya ɗaya daga Agalfati har zuwa yau, ba yankewa ba ƙulli, suna ba shi makami a kanmu. Garin ya girmi Agalfati, tunda labarin Abagayawa yana cewa daga Gaya maƙeran farko suka je Dala neman tama. Jihadi, wanda ya kawo ƙarshen Sarki Alwali a 1807, ya sauya gidajen sarauta da yawa a ƙasar Kano, basasar 1893 kuma ta sake girgiza gabas gaba ɗaya daga Takai. Tsufan sarauta daban, ɗorewar jini ɗaya daban, kuma kowace gaɓa sai an kawo mata shaidarta. Amma wannan dalilin yin bincike ne, shi kuma ya mai da shi dalilin barinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganarsa tana sa yara su raina abin da ke hannun iyayensu. A gidajen dagatai da masu unguwanni na Ajingi da Balare da Gafasa akwai adaka da ba a buɗewa sai an yi rasuwa. A ciki za ka tarar da rasit na haraji da jangali tun kafin Abubakar Rimi ya soke su a 1979, da takardar rabon gado da hatimin alƙali, da wasiƙun ajami da gara ta fara ci daga gefe. A bayan Alƙur'anin wani liman an rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa da tawadar zuge. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin ƙiyasin haraji da Turawan mulki suka rubuta gunduma-gunduma, ga kundin lardin Kano da W. F. Gowers ya fitar a 1921. Jerin sarakunan da maroƙa ke rerawa na maza ne zalla, alhali ƙarfin da Gaya ta yi a Kano zamanin Sharefa ta ɗakin Maryama ya shiga, don haka wanda zai yi aikin nan dole ya zauna da tsofaffin matan gida, su da suka san wa aka aura daga ina, wa ya sha nonon wa. Malam yana da ɗalibai 'yan Gaya da Ajingi a gabansa duk shekara suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ya tura biyu Kaduna, biyu kuma su ɗauki waya su naɗi maganar kakanninsu.