Girki Bayan An Sauke Tukunya: Darasi Daga Dubai

Duk wanda ya san harkar fatauci a ƙasar Hausa ya san unguwar Deira ta birnin Dubai. A can ne 'yan kasuwar Kano da Katsina ke saro turare da yadi da kayan ɗakin amare, har da kulolin zuba abinci. Sai dai aikin kula a gidan Bahaushe ɗaya ne: ta riƙe ɗumin tuwon maigida har ya dawo daga kasuwa. Akwai wata hikima a Dubai da ta fi kular daraja, amma fatake ba su saro ta ba, wato dahuwa da zafin da tukunya ta riga ta ɗauka.

Tun kafin a gano man fetur a Dubai a 1966, mutanen wannan gaɓar teku suna da wani abinci da suke kira haris. Alkama ce da nama da gishiri. Akan tafasa su, a rufe tukunyar ruf, a saka ta cikin rami mai garwashi, a binne ta na sa'o'i masu yawa. In an fito da ita sai a tuƙa, a zuba man shanu. Abincin azumi ne da salla da biki, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Mazauna hamada ba su da itacen ɓarnatarwa, shi ya sa suka koyi tattalin wuta.

Dalilin abin a fili yake. Da zarar ruwa ya tafasa ba ya ƙara zafi, komai iza wutar da aka yi. Itacen da ake ƙarawa yana cike gurbin zafin da ke tserewa ne kawai. Idan aka sauke tukunyar shinkafa ko wake tana tafasa, aka naɗe ta da bargo, ko aka cusa ta cikin kwando mai ƙaiƙayi ko auduga, za ta ƙarasa nuna da kanta. Turawa sun yi haka da akwatin ciyawa lokacin yaƙin duniya, sa'ad da makamashi ya yi ƙaranci.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban sanadinta, ta hallaka mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da yara ne suka fi shaƙar hayaƙin. A taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023 an tattauna batun girki mai tsafta. To amma iskar gas da lantarki sai mai hali, alhali bargo da kwando akwai su a kowane ƙauye.

Masu suka suna cewa hanyar tana cin lokaci, kuma abinci na iya lalacewa. Gaskiya ne shinkafa takan ɗauki kimanin sa'a guda, wake kuwa sa'o'i uku ko huɗu, amma lokaci ne da uwargida ba ta zaune gaban murhu. Batun lalacewa kuma yana da ƙa'ida: a tafasa sosai tukuna, kada a riƙa buɗe tukunya, kuma in zafin ya sauka ƙasa da digiri 60, a sake tafasawa kafin a ci.

Saboda haka ya kamata gidajen rediyo da ƙungiyoyin mata su ɗauki nauyin koyar da wannan dabara, teloli kuma su ɗinka jakar tukunya mai auduga su kai kasuwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Daurin itace ɗaya da aka rage a kowane gida sauƙi ne ga aljihun maigida, ga huhun uwargida, da kuma dajin da hamada ke ci.